Yashin da ake cewa yana haɗiye mutum

A tsofaffin finafinan Amurka, da zarar mutum ya taka wannan yashi sai ya yi ta lumewa, har hularsa kaɗai ta rage a sama. Ƙarya ce mai daɗin kallo. Yashin yana kama mutum da gaske, amma haɗiyewa ba aikinsa ba ne.

Asalinsa yashi ne da ya sha ruwa ya ƙoshi, galibi gauraye da ɗan yumɓu. Ana samunsa a bakin teku, ko gaɓar kogi, ko inda ruwa ke ɓulɓulowa daga ƙarƙashin ƙasa. Ƙwayoyinsa a sakwarkwace suke, ruwa ya cike tsakaninsu. A ido ƙasa ce mai tauri. Da ƙafa ta danna, sai wurin ya koma kamar kunu, ƙafar ta zurma. Daga nan ne wahalar take: ruwan ya ware gefe, yashin ya kwanta ya cushe a jikin ƙafar, ya riƙe ta gam.

A 2005, Daniel Bonn na Jami'ar Amsterdam da abokan aikinsa suka buga bincikensu a mujallar Nature, bayan sun nazarci irin wannan yashi daga kusa da wani tafkin gishiri a Iran. Sun nuna cewa yashin ya ninka jikin ɗan Adam nauyi kusan sau biyu, in an auna su daidai wa daida. Saboda haka mutum kan nutse zuwa wajen ƙugu ne ya tsaya. Amma sun kuma lissafa cewa fizgo ƙafa da gudun santimita 1 a daƙiƙa yana buƙatar ƙarfin da zai ɗaga matsakaiciyar mota. Ke nan 'yan'uwan da suka kama hannunka suna ja, komai kyan niyyarsu, sun fi kusa da gurɗa maka kafaɗa.

To, me ke kisa? Ruwan teku in ya dawo ya tarar da mutum a kafe, ko sanyi, ko rana da ƙishirwa in babu kowa kusa.

Dabarar fita sai da haƙuri. Ka yar da kayan da ke kanka, ka kishingiɗa ta baya, ka baza hannuwa don nauyinka ya watsu. Sannan ka riƙa motsa ƙafa ɗaya a hankali, kana ba ruwa hanyar gangarawa ya sassauta yashin. In takalmi zai tafi, ya tafi. Ƙafa ta fito, kada ka miƙe tsaye. Mirgina ko ka ja ciki ka koma ta inda ka shigo. Mai taimako kuma ya shimfiɗa katako ko ya miƙo sanda daga inda ƙasa ke da ƙarfi.

Mutanen mashigin tekun Morecambe a Ingila sun daɗe da ɗaukar lamarin da muhimmanci, har akwai jagora na musamman mai ƙetarar da jama'a. Cedric Robinson ya riƙe wannan aiki daga 1963 zuwa 2019. Da yake yashin can ba ya zama wuri ɗaya, kafin a bi da ayari sai jagoran ya fita ya gwada ƙasar, ya kakkafa rassan itace a hanyar da za ta ɗauki mutum.