Ɗan dako da rana tsaka a Malanville

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, gadar da ta haɗa Malanville ta Benin da Gaya ta Nijar ta daina ganin tirelolin da ke tasowa daga Kwatano. Ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka, CEDEAO, ta ɗage takunkumin da ta ƙaƙaba wa Nijar a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren iyakar, Nijar ta bar nata a toshe. Fatauci kuwa bai tsaya ba. Kaya suka koma kwale-kwale, kuma kafin buhu ya shiga jirgi sai ya hau kan mutum.

A buhu ake biyan ɗan dako, matsalar ke nan. Dokar ƙwadago ta Benin ta tsayar da awa 40 a mako, mafi ƙarancin albashi ya tashi daga jaka 40 zuwa jaka 52 na sefa a Janairun 2023, amma wannan zancen masu takardar aiki ne. Mai gammo a ka, da ke gangarawa bakin kogi da buhun masara, ƙafa na nutsewa cikin taɓo, yana ganin duk zaman da ya yi asara ce. Sai ya tsallake karin kumallo, ya jinkirta shan ruwa. Wasu ma tiramol suke haɗiya, ƙwayar da ke ɓoye ciwon baya ba tare da ta warkar da shi ba.

Lissafin nan ba ya fita. Daga Maris zuwa Mayu zafin Malanville kan haura digiri 40, alhali rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2019 ya nuna cewa da zafi ya kai digiri 33 zuwa 34, mai matsakaicin aikin ƙarfi yakan rasa rabin kuzarinsa. Wato buhunan da ake ɗauka da rana tsaka su suka fi cin jiki, su suka fi ƙarancin riba. A 2021 ƙungiyar tare da Hukumar Lafiya ta Duniya sun ƙiyasta cewa aikin awa 55 ko fiye a mako ya kashe mutum 745,000 a 2016, ta shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya.

Wanda ya yi sammako bayan asuba, ya fake a rumfa daga azahar zuwa la'asar, ya sha ruwa tun ƙishi bai kama shi ba, abokan aiki za su iya ce masa rago. Amma a rumfar ne ake jin farashin albasa, ake tsintar yaren Dendi da Faransancin ciniki, ake sanin wane ɗan kasuwa ke neman yaro mai amana. Dillanci daga nan yake farawa. Haka zubin adashi: kuɗin da mutum ya fara cirewa kafin buƙatun dangi su cinye ribar yini, su ke zama baro, daga baya babur ɗin kabu-kabu mai jigila tsakanin kasuwa da bakin ruwa.