Shan Inna: Ciyawar da Ba a Gama Cirewa Ba

Yawancinmu mukan kai amfanin gona kasuwar Sabon Gari a Kano. A bakin titi a Fagge mukan ga magidanta a kan keken guragu, suna murza shi da hannu. Da yawansu cutar shan inna ce ta shanye musu ƙafafu tun suna yara.

Ƙwayar cutar tana fita a cikin kashi, ta bi ruwa ko abinci ko hannu mara tsabta ta shiga bakin yaro. Cikin yara wajen 200 da suka kamu, ɗaya ne ke gurguncewa. Sauran suna yawo da ita ba a sani ba. Ba ta da magani, sai rigakafi: ɗigo biyu a baki, sau da yawa.

A 1988 ƙasashen duniya suka ƙulla niyyar kawar da ita. A lokacin tana gurgunta yara wajen 350,000 kowace shekara. Amma a 2003 jita-jita ta bazu cewa allurar tana hana haihuwa, har gwamnatin Kano ta dakatar da ita. Kafin a koma a Yulin 2004, cutar ta tsallaka ƙasashen maƙwabta, daga baya ta kai har Indonesiya.

Sarakuna da malamai da masu unguwa suka tashi tsaye. Mata suka bi gida gida. A 2011 aka soma ɗibar ruwan lambatu a Kano, har da na Fagge, ana binciken ƙwayar. A Fabrairun 2013 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafi tara a birnin, duk da haka aikin bai tsaya ba. A 2016 aka ga ƙarshen cutar ta asali a Nijeriya, a Borno. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka shaida Afirka ta rabu da ita. Saura Afganistan da Pakistan.

Amma kada mu sake jiki. Akwai wani nau'inta da ke ɓulla inda yara da yawa ba su sami rigakafi ba, kuma ya ɓulla a Kano bayan 2020. Mu manoma mun sani, in an bar ƙuduji ɗaya ya zuba iri, baɗi gona ta cika.

Saboda haka, a taron ƙungiya na gaba, bari mu ƙidaya yaranmu 'yan ƙasa da shekara 5. In masu ɗigo sun zo muna gona, a bar wani a gida ya karɓe su. Mu haƙa masai nesa da rijiya, mu wanke hannu da sabulu.