DARIYA A KWAMISARIYA: DOKOKIN RAHA A WANI WASAN TELEBIJIN NA AMURKA

Kwamisariya ba wurin da mutum yake zuwa da murna ba ne. Wanda aka aika wa takardar kira yakan kwana yana lissafin abin da ya aikata, ko da kuwa shaida kurum ake nema daga gare shi. Duk da haka, a ƙasar Amurka an yi shekara takwas ana nuna wani wasan kwaikwayo na telebijin wanda yawancinsa a cikin kwamisariya yake gudana, masu kallo kuwa dariya ce take kawo su. Sunan wasan Brooklyn Nine-Nine, watau kwamisariya mai lamba 99 ta unguwar Buruklin a birnin Niyu Yok. A gaskiya babu mai wannan lamba a birnin. Ginin da ake nunawa daga waje na kwamisariya ta 78 ne. Dan Goor da Michael Schur suka ƙago shi. An fara nuna shi a tashar Fox cikin watan Satumba na 2013, aka kammala a tashar NBC cikin Satumba na 2021, bayan kashi 153, kowane kashi na wajen minti 22.

Ba su ne farko ba. Tun daga 1975 zuwa 1982 an nuna Barney Miller, wasan da kusan bai taɓa fita daga ɗakin aikin ƴan sanda ba. Daga irinsa aka gaji wannan dabara: abin dariyar ba ya cikin laifin da ake bincike, yana cikin zaman biro. Mutanen da ba su zaɓi juna ba, an haɗa su ɗaki guda, da shugaba guda, da tulin takardu, dole su jure wa juna daga safe har la'asar. Duk ma'aikacin gwamnati ya san wannan zama.

Saboda haka aka ba kowane ɗan wasa halinsa, aka kafe shi a kai. Jake Peralta, wanda Andy Samberg yake kwaikwaya, gwani ne wajen gano mai laifi, amma hankalinsa na yaro ne. Amy Santiago ba ta da abin so kamar dosiye da aka jera da kyau da kuma yabon shugaba. Rosa Diaz ba ta fara'a, ba ta ba da labarin kanta, har abokan aikinta sun daɗe ba su san inda take kwana ba. Sarjan Terry Jeffords ƙato ne mai damatsa, ga shi kuma da taushin zuciya, kullum zancensa ƴaƴansa mata tagwaye da madarar yawur. Charles Boyle abinci da biyayya ga Jake. Sai tsofaffi biyu, Hitchcock da Scully, waɗanda suka manne wa kujerunsu suna jiran lokacin cin abinci. Mai kallo ya riga ya san abin da kowa zai yi, kamar yadda yara suka san gizo zai yi wayo ƙoƙi ta sha wahala, amma sanin bai hana su sauraron tatsuniya ba. Daɗin yana ga hanyar da za a bi a iso wurin.

Ginshiƙin wasan kuwa shi ne Kaftin Raymond Holt. An ɗauko Andre Braugher, mutumin da ya yi suna a wasan ƴan sanda marar dariya ko kaɗan, Homicide: Life on the Street, wanda ya ba shi lambar yabo ta Emmy a 1998, aka ce ya zo da wannan nauyi nasa cikin gidan raha. Holt ba ya murmushi. Ko yana murna ko yana baƙin ciki fuskarsa ɗaya ce, muryarsa ɗaya ce, har ma'aikatansa kan taru suna gardama a kan ko yau shugaba yana cikin fushi. Yakan faɗi magana mafi ban dariya da irin muryar da ake karanta sanarwar gwamnati. A kashi na farko ya umurci Jake ya riƙa ɗaura karabat a wuya kamar kowa. Jake ya ɗaura ta a ciki, ƙarƙashin riga. Daga wannan taƙaddama ta shugaba mai bin doka da yaro mai kewaye ta aka gina shekara takwas, har ta koma zumuncin uba da ɗa. Zolayar da ke tsakaninsu tana da kama da wasan taubasai: ana faɗa wa juna baƙar magana, amma kowa ya san iyakar da ba a tsallakewa.

Akwai kuma tsarin ba da labari. Kowane kashi yana buɗewa da ɗan gajeren wasa na minti ɗaya ko biyu wanda sau da yawa ba shi da dangantaka da sauran labarin. Bayan haka sai a raba ma'aikatan gida biyu ko uku, kowane rukuni da matsalarsa, ana tsalle daga wannan zuwa wancan har su haɗu a ƙarshe. Idan wani ya ambaci abin da ya faru bara, sai a nuna shi cikin daƙiƙa biyar a komo. Ba a sa muryar dariyar ƴan kallo a baya kamar yadda ake yi a tsofaffin wasanni. An bar wa mai kallo ya gane wurin dariya da kansa.

Ɗaya daga cikin waɗannan gajerun buɗewa, ta shekarar 2018, ta ishi misali. An jera mutum biyar da ake tuhuma, wata mata tana bayan gilashi. Ba ta ga fuskar mai laifin ba, ta dai ji shi yana rera wata sananniyar waƙa ta ƙungiyar Backstreet Boys. Jake ya sa su rera ɗaya bayan ɗaya. Waƙa ta yi masa daɗi, ya shiga amshi, ya manta dalilin taron. Sai matar ta nuna na biyar ta ce shi ne ya kashe ɗan'uwanta. A nan ne babbar dokar wasan take, wadda ba a rubuta ba amma ake kiyayewa: dariya tana faɗawa kan ɗan sanda, ba kan wanda ya kawo ƙara ba. Wanda ke sanye da kaki shi ne mai kunya, shi ne mai wauta, shi ake yi wa dariya.

Kowace shekara kuma akwai gasar sata. A karo na farko Jake ya yi fare da Holt cewa zai sace lambar girmansa daga biro kafin sha biyun dare, ya kuwa sace. Shekara ta biyu Holt ya rama, ta uku Amy ta kayar da su duka biyun, ta huɗu sakatariya Gina Linetti, wadda ba ƴar sanda ba ce ma, ta cinye. Abin ya zame wa masu kallo kamar salla, ana jiransa. Masu kama ɓarayi suna kashe makonni suna shirya sata, wannan kaɗai ya isa abin dariya. A karo na biyar ne Jake ya yi amfani da gasar ya nemi auren Amy.

Jama'a sun karɓi wasan. A Janairu na 2014 ya sami lambar Golden Globe biyu. Da Fox ta soke shi a watan Mayu na 2018, masu kallo suka yi ta ƙorafi ta intanet, washegari NBC ta ɗauke shi.

Amma wannan raha tana da sharaɗin da take tsaye a kai, watau a yarda cewa ƴan sandan nan, duk da wautarsu, mutanen kirki ne masu gaskiya, kuma wanda suka kama shi ne mai laifi. A Amurka ba kowa ya yarda da haka ba, musamman baƙaƙen fata. Marubutan sun san da wannan. A 2017 suka yi wani kashi inda Sarjan Terry, wanda baƙi ne, ya fita da dare a unguwarsu yana neman bargon ɗiyarsa, wani ɗan sanda farar fata ya tare shi ya nemi kama shi, ba don komi ba sai launin fatarsa. Terry ya rubuta ƙara. Holt, wanda shi ma baƙi ne kuma ya sha wariya shekara da shekaru kafin a ba shi shugabanci, da farko ya ƙi miƙa ta, yana tsoron kada ta toshe wa Terry hanyar ci gaba. Daga baya ya miƙa, Terry kuwa ya rasa muƙamin da yake nema. Ba a warware wannan da dariya ba, kuma yana cikin mafi kyawun abin da wasan ya yi.

Ran 25 ga Mayu na 2020 wani ɗan sanda ya kashe George Floyd a birnin Miniyapolis, zanga-zanga ta game ƙasar. Masu suka suka ce wasanni irin wannan suna wanke ƴan sanda a idon jama'a. Terry Crews, mai kwaikwayon Sarjan Terry, ya bayyana cewa an zubar da kashi huɗu da aka riga aka rubuta domin a sake lale. Zango na takwas, mai kashi 10, ya fito a 2021 da wani salo. Rosa ta ajiye aiki ta koma binciken ƙararrakin mutanen da ƴan sanda suka zalunta. Aka shigo da shugaban ƙungiyar ƴan sanda mai kare ƴan'uwansa ko da sun yi laifi. Jake kansa ya kama wanda bai yi komi ba, aka dakatar da shi wata biyar. Dole a ce raha ta yi nauyi a wannan zango. Akwai wuraren da ƴan wasan suke magana kamar masu lacca, domin tsohon tsarin ba a gina shi don ɗaukar irin wannan kaya ba.

A kashi na ƙarshe, wanda aka nuna ran 16 ga Satumba na 2021, an ba Holt da Amy aikin gyaran tsarin ƴan sandan birnin, Jake kuma ya bar aiki domin ya reni ɗansa. Aka yi gasar sata ta ban kwana, malalaci Hitchcock ya tashi da kambi. Andre Braugher ya rasu ran 11 ga Disamba na 2023, yana da shekara 61.