Dalilin Da Ya Sa Ake Jefa Ƙuri'a A Kan Ayyukan Kwamfuta

A ce mai duba makarantu a ƙasar Birnin Gwari kullum da Kuyello yake farawa, sa'an nan Dogon Dawa, sa'an nan Randagi. Ba za a daɗe ba malamai za su gane tsarinsa, har wata makaranta ta riƙa aron littattafai daga wadda aka gama dubawa, shi kuwa ya rubuta kome lafiya. Ran da ya jefa ƙuri'a a kan inda zai fara, ran nan asiri zai tonu.

To, masu rubuta wa kwamfuta umarni su ma suna fama da irin wannan. A 1967 wasu masana biyu na ƙasar Norwe, Dahl da Nygaard, suka fito da harshen Simula, inda ake kasa aiki gida-gida. Kowane gida yana da bayanansa da ayyukansa, kamar yadda akawun baitulmali ke da littafinsa, da karɓa, da biya, da lissafi. Kafin a saki aiki, sai an jarraba waɗannan ayyuka ɗaya bayan ɗaya.

Abin tsoro shi ne in kullum jeri guda ake bi, wani aiki yakan ci jarrabawa ne don kawai na gabansa ya bar masa abin da zai dogara a kai. Maganin haka, sai a sa kwamfuta ta tattaro sunayen ayyukan, ta cuɗanya su, ta kira su yadda ƙuri'a ta faɗa. Ayyuka 5 suna da jeri iri 120, ayyuka 10 kuwa 3,628,800. Dabarar cuɗanyawa ba tare da son kai ba, Fisher da Yates suka bayyana ta a 1938, Durstenfeld ya daidaita ta ga kwamfuta a 1964. Kayan jarrabawa na JUnit sun sami irin wannan zaɓi a 2019.

Amma akwai sharaɗi. Kwamfuta tana fara ƙuri'arta daga wata lamba da ake kira iri. Lalle ne a rubuta wannan lamba a ajiye, don in kuskure ya ɓullo a iya maimaita jerin daidai, a kamo shi. In ba haka ba, an ga ɓarawo ke nan an bar sawunsa ya ɓace. Aikin da ke tsayuwa ko ta ina aka fara, shi ya cancanci a ba shi amanar kuɗin jama'a.