Bayanin Sana'ar Maza Mai Farin Jini a Wurin Baƙar Fatar Amurka

Ya kai mai karatu, ka sani kowace al'umma tana da sana'ar da in saurayi ya zo neman aure da ita, iyayen yarinya sukan shimfiɗa masa tabarma da sauri. Yau za mu duba yadda al'amarin nan ya gudana a wurin baƙar fatar Amurka, jikokin bayin da aka 'yanta a shekarar 1865.

Da 'yanci ya samu, sai suka tarar galibin ƙofofin aiki a rufe suke gare su. Saboda haka daraja ta koma ga 'yan ƙofofin da aka bari a buɗe, watau malamin makaranta, da shugaban majami'a, da ma'aikacin gidan waya, da mai aski. Alonzo Herndon, wanda aka haifa cikin bauta, da aski ya tara dukiya har ya kafa kamfanin inshora a birnin Atlanta a 1905. Likita kuwa ya yi wuyar samu, domin bayan binciken da aka yi a 1910, makarantun likitanci bakwai na baƙar fata biyu kaɗai suka tsira, Howard da Meharry.

Amma wanda ya fi kowa farin jini a cikin unguwa shi ne hadimin jirgin ƙasa na kamfanin Pullman, mai taragun kwana. Yana da albashi tabbatacce, da tufafin aiki masu tsabta, ga tukuici daga fasinja, ga shi ya ga birane, yakan komo da labari da jarida. Wannan shi ne zahirin abin. Baɗininsa kuwa wahala ce tsantsa: yakan yi aikin kimanin sa'a 400 a wata, yana gyaran shimfiɗa da goge takalma, barcinsa kaɗan ne. Fasinja ba su kiransa da sunansa, kowane hadimi George ne a bakinsu, watau sunan mai kamfanin, kamar yadda ake jingina bawa ga ubangidansa.

Mutanen nan ba su tsaya ga haƙuri kaɗai ba. A 1925 suka kafa ƙungiyarsu, A. Philip Randolph yana shugabanta, suka yi shekara 12 suna fama, har a 1937 kamfani ya sa hannu, aka rage aikin zuwa sa'a 240, aka ƙara albashi. Da kuɗin nan suka sa 'ya'yansu makaranta. Thurgood Marshall, baƙar fata na farko da ya zama alƙalin Kotun Ƙolin ƙasar a 1967, mahaifinsa ya taɓa yin hidimar jirgin ƙasa.

Kamfanin ya daina wannan aiki a ƙarshen 1968. Yanzu ido ya koma kan likita da lauya da injiniya, da 'yan wasa masu suna. To, ya kai uban 'ya, ka lura, sunan sana'a yakan hau ya sauka tare da zamani. Abin da iyayen da suka zaɓi hadimin jirgi suka duba shi ne mutum mai komowa gida da abin cefane, mai tanadin gobe domin 'ya'yansa. Wanda ya auna suruki da wannan mudu, da wuya ya yi da-na-sani.