Gudel: sabon tano ba shi ne tsabtataccen tano ba

A Gudel, bakin kogin Isa, ake tace mafi yawan ruwan da birnin Yamai ke sha. Garai-garai yake fitowa daga ma'aikatar. A gida yake lalacewa, cikin tano ko bidon da aka zuba shi.

Lamarin ya fi tsanani ga matan da ke dafa burkutu, wanda wasu ke kira capalo. Tanon da ake sayowa kasuwar Katako da sunan sabo, sau da yawa fenti ne kawai sabo a jikinsa. Kafin ya iso nan ya ɗauki gazuwal, ko baƙin mai, ko maganin ƙwari. Ruwan dawa kuwa da zafinsa ake juye shi, ga tsami, ya kuma kwana a ciki: duk abin da ya maƙale a jikin ƙarfe ko roba sai ya saki, ya bi ƙwaryar mai sha.

Ko tanon da bai taɓa ɗaukar komi ba yana da maiƙon masana'anta. Wannan da sauƙi: ruwan zafi da sabuni, sa'an nan ruwan jabel, a ɗauraye har warin ya ɓace, domin ragowar jabel na kashe yisti, a kife ya bushe. Amma wanda ya sha maganin ƙwari, babu wankin da ke fid da shi, roba tsotse guba take yi.

Shi ya sa wasu suka gwammace tulunan ƙasa na Bubon, wajen kilomita 25 a hanyar Tilaberi. Sabon tulu, a cika shi da ruwa ya kwana, a zubar, a sake cikawa.