Tangaran da wutar maƙera ba ta narkarwa

Idan ka sayi biskit a shagunan Kucheri ko Tsafe, duba cikin ledar, za ka ga yana ƙyalli. Alminiyon ne aka tafasa har ya zama tururi, ya lulluɓe ledar. Ɗan kaskon da ake tafasa shi a ciki kuwa, ana haɗa shi ne da wani tangaran da ake kira borayid, wato sinadarin boron da aka aurar da ƙarfe irin su titaniyom ko zakoniyom.

Jurewar wuta ce darajarsa. Baƙin ƙarfe na narkewa a maki 1,538 na ma'aunin Salsiyos, amma borayid na titaniyom sai zafi ya haura 3,200. Shi ya sa rundunar sojin saman Amurka ta zuba kuɗi a binciken borayid a shekarun 1960, don hancin rokoki da jirage masu tsananin gudu.

Kayan haɗin daga ƙasa suke fitowa. Ana samun boron daga boraks, farin garin nan da masu narkar da zinariya ke barbaɗawa, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na arzikinsa na duniya yana Turkiyya. Ƙarafan kuma suna cikin yashi mai nauyi, zakon da ilmenayit, irin wanda aikin kuza ya bari jibge a Jos.

Da farko a tace yashin, domin datti kaɗan ya isa ya ɓata aiki. Sannan a gauraya shi da boron da garin gawayi tsantsa, a gasa a tanderun lantarki sama da maki 1,500. Maginiyar tukwane na son iska ta hura mata wuta. A nan iskar ce abokiyar gaba, zuƙe ta ake yi, ko a cika tanderun da gas ɗin agon. Garin da ya fito sai a danne shi da ƙarfi a zafin da ya kusa 2,000 kafin ya dunƙule.

A Zamfara, hankali ya fi karkata ga rami, musamman tun da gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai na 2019 a Disambar 2024. Amma a wannan sana'a haƙa ce mafi arha. Kuɗin na wajen tacewa da gashi, kuma tanderun na bukatar lantarki na sa'o'i a jere, ba ƙiftawa.